Ƙofar Iskar da Na Goge

Sunana Noeleen, ban yi makaranta ba. Shekara talatin na yi ina goge duwatsun ado a garin Lightning Ridge. Shi ya sa da maigidana Merv ya haɗa ƙaramin jirgin sama a rumfar bayan gida, ya ɗora masa injin mota, irin wanda ba shi da fistan, ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyi a cikinsa, ni ya ba aikin ƙofofin da iska ke bi ta shiga injin.

Ana toshe tsofaffin ƙofofin gefe da gam, a huda sababbi a jikin tukunyar injin. Hudawa da gogewa nawa ne. Toshewar kuwa Des ya yi, shugaban ƙungiyar masu haɗa jirage ta yankinmu, wai shi injiniya ne.

A tashi na tara injin ya mutu a sama, Merv ya sauka a gonar alkama, haƙoransa biyu suka tafi. Sai takardar ƙungiya ta fito. Merv ya ɓoye mini, maƙwabciyata ce ta karanta mini: wai wata marar ilimi ta bar kaifi a bakin ƙofa, shi ya karya ƙarfen kusurwa.

Ranar Lahadi 'yan ƙungiyar suna gashin nama a gaban rumfar jirage, na turo tukunyar injin a baro, na dire ta kan tebur tsakanin biredi da albasa. Merv yana ja mini riga, wai in bari a gama ci. Na ce ya sake ni, ai shi ba shi da haƙoran cin.

"Injiniya, sa yatsanka a nan."

Des ya yi dariya, ya ce uwar gida, wannan maganar lissafi ce.

"Yatsa na ce, ba lissafi ba."

Ya sa, ya zagaya bakin ƙofar sau biyu, bai sami abin da ya karce shi ba. Na kwance hankici na zube masa gutsattsarin gam, na nuna ramin da suka ɓalle. Bai kankare wurin ba kafin ya shafa, injin ya haɗiye su, su suka karya ƙarfen.

Ya ce kwamiti zai duba, wataƙila wata mai zuwa. Na juya wajen mutanen. Huɗu daga cikinsu tukwanensu na kan bencina suna jiran guga. Na ce su zo yau su kwashe, su kai wa kwamiti ya goge musu.

Wani tsoho, Kev, ya ajiye farantinsa ya miƙa wa Des biro. Des ya rubuta layi uku na janye zargin a bayan takardar taro, ya turo mini.

"Me zan yi da ita? Kai ka ce ba ni da ilimi. Tashi tsaye ka karanta, da sunana a ciki."

Ya karanta a maƙoshi. Na ce na baya ba su ji ba, ya sake.