Mai Duba Inganci

Sylvanus ya saba ɗaga atamfa ga haske ya gano inda zare ya kuɓuce. Aikinsa ke nan a masaƙar Kakuri har aka sallame su, a shekarar da soja suka koma bariki. Madam Celina, mai makarantar kuɗi a Unguwar Mu'azu, ta dawo daga wani taron bita tana tauna kalmar inganci kamar cingam, ta ɗauke shi ya riƙa duba ingancin makarantar. Ya karɓa hannu bibbiyu, don 'yarsa Irene za ta yi karatu kyauta.

Tun daga nan kansa ya ɗaure. Yau Madam ta ce ɗalibi kwastoma ne, a faranta masa. Gobe ta ce ɗalibi shi ne kayan da makaranta ke fitarwa, kada a ga aibi ko ɗaya.

"Madam, to shi yaron saye yake yi, ko shi ake sayarwa?"

"Duka biyun, Malam Sylvanus. Ba ka je bitar ba ne."

Da jarrabawar shiga sakandare ta matso, ta kira shi ofis.

"Bana ɗari bisa ɗari nake so. Ka gwada 'yan aji shida. Wanda zai ci, dama. Wanda zai ba mu kunya, hagu, ya jira baɗi."

"A masaƙa in yadi ya ɓaci, inji muke tsayarwa mu duba."

"To tsayar da injin."

Ya rasa wanne ne injin: malamai, ko allo, ko iyayen da ke zaune gida ba aiki? Ya fita bai tambaya ba.

Da hantsi ya jera yaran a tsakar makaranta, kowa ya karanta sakin layi guda. Aikin ya tafi da sauri har ya ba shi tsoro; ashe hannunsa bai manta ba. Sai ga Irene. Ta fara da kyau, ta yi tuntuɓe a kalma ta uku, ta sake, ta tsaya cak. Waɗanda suka fi ta ma ya tura su hagu, kuma duk suna kallonsa. Madam tana bakin taga.

Irene ta rufe littafin, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka faɗa kawai," in ji ta a hankali. "Ba zan gaya wa Mama kai ne ba."