Dami Huɗu a Filin Sukuwa

Ciɗo bai zo Tawa kallon dawaki ba. Manomi ne daga Affala, kuma a shekarar nan ruwa ya ɗauke tun hatsinsa bai yi ido ba. Shi ya sa ya taka har Kalfu wurin surukinsa, ya samo dami huɗu na iri mai saurin nuna, zangarniya zaɓaɓɓiya, ba ko ɗaya da ƙwari suka taɓa. Shukarsa ta baɗi ke nan gaba ɗaya a bayan jakuna biyu.

Tsautsayi ba a sa masa rana. Sai ya ratso gari ranar bikin jamhuriya, shekara biyu da samun mulkin kai. Daf da filin sukuwa wani gardi, dogarin gwamnati, ya sha gabansa.

"Baba, sauke wanga kaya," in ji gardin. "Anasaran da ka koya ma soji hawa na son shingen ƙarshe mai kama da ƙasarmu."

"Wanga iri na, ba kara ba!" in ji Ciɗo. "Hatsi za a ƙetare da doki? Ku ba ku cin tuwo?"

"Aro na. Da la'asar ka ɗau abinka."

Aron da ake yi da bulala a hannu, ai kowa ya san sunansa. A Affala ko yaro ya tsallake ƙwaryar hatsi sai uwarsa ta ja masa kunne, amma ga manya masu hular gwamnati sun jera abincin shekara tsakanin sanda biyu, Anasara yana ja da baya yana gyaɗa kai, wai ya yi kyau. Ciɗo ya ɗaure jakunansa, ya tsuguna kusa da igiyar da aka kange jama'a, ransa yana tafasa.

Wasan ba irin sukuwar da ya sani ba ne. Mahayi ɗaya ake saki, ya tsallake rami, ya tsallake katangar laka, ya faɗa ruwan da aka tara ya fita, ya haye kututturan gawo, sannan ya zo kan damman Ciɗo. Mahaya tara ne. Na farko ya wuce lafiya. Na biyu da na uku ma. Na huɗu, wani ƙaton soja mai tumbi da ke zaune a sirdi kamar buhun gishiri, dokinsa ya shafi damin sama da kofato, zangarniya uku suka faɗi. Jama'a suka kwashe da dariya.

"Ku yi dariya, 'yan banza!" Ciɗo ya daka tsawa. "Baɗi war haka ku ci kofato!"

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, da kansa ya kama bakinsa yana yi wa mahayan addu'a. Mutanen da suka ƙwace masa kaya, ga shi yana roƙon Allah Ya ɗaga ƙafafun dawakinsu. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Na tara shi ne Rissa, siriri, mutumin arewa daga cikin sojan raƙumi, a kan wani kilin doki mara jiki. Ba kaimi a ƙafarsa, ba bulala, linzami kuwa sako-sako. Ya sunkuya ya faɗa wa dokin wata magana a kunne, suka tashi. Ramin da ya sa wasu jan numfashi, kilin ya wuce shi kamar bai gani ba. A ruwa bai yi turjiya ba. Mutum da dabba sun zama abu guda, har ba ka sanin wa ke tuƙa wani. Ciɗo ya tashi a gidan da aka taɓa kiwon goɗiya, ya san abin da yake gani, bai ma san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Da suka iso hatsin, kilin ya naɗe ƙafafu ya bi ta sama, tsakaninsa da dami ya fi kamu guda.

Fili ya kaure. Jama'a suka tsinke igiya suka bi Rissa zuwa rumfar manya, Ciɗo yana tsakiyarsu, dattijo da furfura, yana tsalle yana kuwwa. "Namiji! Wallahi namiji! Haka aka hawa!" Ya kutsa har ya taɓa gumin wuyan kilin. Ya tsaya aka ba da kyauta, ya tsaya kumandan da ke mulkin Tawa ya gama dogon jawabinsa.

Su kuwa mahaya takwas ɗin, a sandunan shingen ƙarshe suka ɗaure dawakinsu, suka cire musu linzami don su huta, suka ruga kallo kamar kowa. Doki mai yunwa ba ya tambayar mai kaya.

Da Ciɗo ya dawo, ya tarar da kawuna takwas a sunkuye. An warware damman, soshiya ta bazu ko'ina, sauran an tattake cikin rairayi da kashin doki. Dokin mai tumbin nan ya ɗago ya dube shi yana tauna.

Ya buɗe baki zai yi kuwwa a kawo ɗauki, murya ta ƙi fita. Ya ƙarar da ita wurin yi wa Rissa kirari. Gardin zai zaga? Anasaran? Ba wanda ya ja shi da igiya daga wurin nan, da ƙafarsa ya tafi.

Ya durƙusa a tsakanin ƙafafun dawakin, ya cire hularsa, ya shiga tsintar hatsi daga cikin rairayi, tsaba ɗaya-ɗaya.