Da Gwiwar Hannu Ake Rufewa

Wata uku malamar jinyar ta yi tana shirin jarrabawar hana yaɗuwar cuta a asibiti, don sai da takardar shaidar za a ba ta shugabancin sashe. Ranar gwaji ta wanke hannu tas a gaban babban likita, har ƙarƙashin farce. Murna ta ɗebe ta, ta rufe famfon da yatsunta.

"Kash, Sista! Da gwiwar hannu ake rufewa," in ji likitan. "Kin sake kwaso abin da kika wanke. Sai baɗi."

"Ranka ya daɗe, sau ɗaya fa!"

"Ƙwayar cuta ba ruwanta da sau ɗaya."

Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na gaba, ya kira mai bi mata.