Jirgin da Ya Tashi da Turi

Daren jiya na yi wani mafarki, ni Barau direba, wanda mota ta kife da shi a gada ya fito yana kaɗe riga, ni da kwalara ta share unguwarmu ta tsallake ɗakina.

Na tsinci kaina a wani gari inda hayaƙi ke nutsewa ƙasa, inuwa kuma takan riga mai ita fita daga gida. Aka ba ni jirgin sama na tsere, ɗan siriri, kujera ɗaya tal. Na ce wannan raini ne, abin hawa ba ya tashi da mutum ɗaya. Na datse fukafukansa don ya yi gudu, na ɗaura masa injin tsohuwar motata, na kafa benci a ciki.

Wata zabuwa ce shugabar filin tseren, da usur a wuya.

"Baba, gwaji kawai za ka yi, tseren sai gobe. Tashi mana."

"Sai ya cika," na ce.

Sai ga fasinja. Tanimu, abokina da ya rasu a waccan gadar, ya shiga da rigarsa jiƙe. Marigayi Alu makanike ya bi shi. A gaba kuwa, gefen kujerata, ga Kuluwa matata, da mayafinta na kafin ciwon ajali.

"Malam, ka rame," ta ce. "Wa ke dama maka kunu?"

"Ni da kaina. Ya fi naki."

"Ƙarya kake. Zauna mu tafi, na riƙe maka wuri."

Na zauna, da niyyar ko ina ne in bi ta. Na murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru.

"Batir ne, sai an tura," in ji Alu.

Matattu ba su da ƙarfin turi. Tanimu ya dube ni ya ce, "Bar shi, tsoho, ba za ka iya ba."

Ni? Ni da na tura mota da kayanta a Hawan Kibo?

Na dira, na kafa kafaɗa a wutsiyarsa. "Alu, sa giya ta biyu!"

Injin ya kama. Aikin hannuna ne, babu jirgin da zai kamo shi, balle ni a ƙafa. Ya cilla sama. Kuluwa ta leƙo ta taga, hannunta ɗaya na kan kujerar da ba kowa.

Zabuwa ta busa usur. "Gwaji ya yi kyau. Ka sake tsira, Baba."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Na hura wuta na dama kunu. Ya yi gudaji, kamar kullum.