Abin da Yatsan Manaja Ya Rufe

Manajan ma'aikatar sabulu ya juyo mata takardar yarjejeniyar aiki, babban yatsansa a danne kan farkon layin.

"Karanta da kanki, Malama. Sashe na bakwai: kamfani na iya sallamar ma'aikaci duk lokacin da ya ga dama. Wannan ba sa hannunki ba ne?"

Nata ne. Shekara shida tana naɗe sabulu a tebur na uku, har zanen yatsunta ya shafe. Laifinta ɗaya, ciki wata biyar ya ƙi ɓoyuwa. Ga maigidanta tun da mota ta karya masa ƙugu yake kwance, da aikin nan gidan yake numfashi.

"Litinin ki kawo rigar aiki da katin shiga."

* * *

Ta tarar da kawunta a shagonsa, cikin warin gam da tsohuwar takarda. Shekara talatin yana ɗinke wa kotu littattafan doka. Bai yi boko mai nisa ba, amma kafin gam ya bushe yakan karanta abin da yake ɗinkewa.

"Uwata, wa ya mutu?"

"Aikina, Kawu."

Ta miƙa masa kwafin da aka ba ta ranar ɗaukar aiki, wanda ba ta taɓa buɗewa ba. Ya gyara tabarau, ya bi layin da tsinin allura, sai ya yi dariya har da tari.

"Ja'irin yaro! Kan maganar ya yanke. Duba yadda sashen ya fara: bisa sharaɗin sashe na goma sha ɗaya. Duk sashen da ya fara haka bara ne, ba ya motsi sai da izinin maigidansa. Mu je mu gai da maigidan."

Ya buɗe shafi.

"Kin ji shi: duk da abin da wani sashe ya tanada. Mai faɗin haka ba ya rusuna wa kowa. Ba za a sallami mace saboda juna biyu ba. Amma tsaya, ga togaciya, ita ce wutsiyar da ke farawa da sai dai idan. Nan ake haƙa rami. Sai dai idan ta mayar da kayan aiki da kanta, ko ta yi kwana uku ba ta zo ba."

Rigar tana cikin jakarta, a wanke a goge.

"Ka raka ni, Kawu."

"In na raka ki, sun ji tsoron tsoho mai tabarau. In kin je ke kaɗai, ke za su ji tsoro."

* * *

Litinin ta shiga ofis sanye da rigar. Ƙofar ta bari a buɗe, ana jiyo ƙarar injin. Manaja ya zaro takardar, yatsan ya koma mazauninsa.

"Ranka ya daɗe, ɗaga yatsan. Ko ciwo yake yi?"

Matan tebur na uku sun tsaya cak.

"Ke lauya ce?"

"Mai naɗe sabulu ce. Baran ka karanta min, maigidan nake son ji. Sashe na goma sha ɗaya. Ko ni in karanta?"

Ta karanta da ƙarfi, ba ta tsallake ko togaciyar ba. Manaja ya janye yatsansa. Ya ce ai kuskuren fahimta ne, ta koma bakin aikinta. A ƙalla mata huɗu ta sani da a baya suka kawo rigunansu da hannunsu, har suna godiya.

Da ta fito, wata ta rangaɗa guɗa. Ta zauna a kujerarta, ta jawo sabulu. Yarinyar da ke gefenta, amaryar bara, ta dubi ƙofar ofis. A hankali ta sa hannu ƙarƙashin rigarta, ta kwance ɗankwalin da ta ɗaure cikinta da shi tamau, ta ja dogon numfashi.