Kwamfutar da Ba Ta Tashi Sai a Hannun Malami

"To in ba hannunta ba ne, hannun wa ne? Na aljani?" Malami ya faɗa yana nuna ɗiyarsa Husna da makullin mashin. "Ni in na taɓa kwamfutar ga, tashi takai. Ita in ta taɓa, sai baƙin allo. Kai da bakinka ka ce lafiyarta lau, Rilwanu. To saura wa?"

"Saura ka zauna, bawana, ka bar daka wa yarinya tsawa," in ji Rilwanu, yana tsugune gaban tebur da sukudireba a hannu. "Ko hula ba ka tuɓe ba ka fara shari'a."

Rilwanu taubashin Malami ne, ɗan kawunsa, shi ya sa yake iya gaya masa abin da ko shugaban ofis ba ya iyawa. Yana da shagon wayoyi da kwamfutoci a Bakura, kuma shi ya sayar wa Malami wannan tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, don Husna ta koyi danne-danne kafin jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi. Ranar Talata ce, ya shigo Mafara cin kasuwa, ya biyo ya gaida Kubura matar gidan. Ko ruwa bai gama sha ba Husna ta fashe masa da kuka. Jarrabawa ta matso, ga shi uban ya hana ta taɓa kwamfutar tun Juma'a, wai fina-finai take kallo a ɓoye har ta lalata masa kaya. Rilwanu ya danna maɓalli don ya gani da idonsa. Fanka ta yi kuka, allo ya yi baƙi, wani ɗan rubutun Turanci ya fito a sama ya tsaya cak. A haka Malami ya dawo daga sakatariya ya same su.

Abin da ya fi damun kowa, kwamfutar ba ta mutu ba. Yau ta tashi, gobe ta ƙi. Ba sau ɗaya ba Malami ya ɗaura akwatinta bayan mashin har Bakura, da zarar an jona ta a shagon Rilwanu sai ta tashi garau kamar amaryar da ta ga danginta.

To, ga abin da ba a sani ba a falon nan. Duk wanda ya san Maradun ya san marigayi Buba, uban Malami, mahauci ne kuma ɗan dambe, wanda in kalangu ya kira shi yakan bar nama a kan tebur. Malami kuwa ya yi boko, ya sa tabarau, ya zama mai cewa a majalisa dambe aikin jahilai ne. Ya taɓa korar ƙanen Kubura daga gidan don ya kunna dambe a waya. Amma jini ba ya karatun boko. Wata rana a tasha Malami ya raɓa wurin yaran da ke tura fina-finai, ya ce a cika masa filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, da dambe, wai na wani abokinsa ne. Tun daga nan, in Kubura ta tafi Islamiyya, Husna ta tafi lasin na shirin jarrabawa, sai ya kunna kwamfuta, ya soka filas ɗin ta baya inda ido ba ya kaiwa, ya rage murya, ya zauna yana cije leɓe. Da ya ji motsin ƙofar gida sai ya kashe soket, ya ɗauki carbi. Filas kuwa ya kwana a inda yake.

In Husna ta kawo ƙara cewa ta ƙi tashi, sai ya ce, "Ku ba ni wuri in duba." Kowa ya fita. Abu na farko ya zare kayansa ya jefa aljihu, kana ya danna maɓalli, ta tashi. Haka in zai kai ta Bakura. Mutum da karatunsa, bai taɓa haɗa wannan da wancan ba. Shi dai ya yarda Allah ya yi masa hannu mai albarka.

Jiya Litinin Kubura ta je barka Dosara da Husna, shi kuma ya sulale daga ofis. Yanzu haka filas ɗin na nan a baya. Shi ya sa gumi ke bin wuyan rigarsa.

"Ku ba ni wuri in duba," ya ce.

"Ba inda za ni," in ji Rilwanu. "Kullum kai ka dubawa, kullum tana komawa. Yau likita ya zo gida."

Ya sauya soket. Ya leƙa batirin sola, ya ce wuta ta isa. Ya zare wayar allo ya mayar. Ya kwance gefen akwatin, ya hure ƙura har ya yi atishawa, ya ciro wani siririn abu kore ya goge da bakin riga ya mayar da shi ƙas. Ya danna. Baƙin allo, da rubutun nan.

"Husna, wace rana ta fi ƙin tashi?"

"Asabar da Lahadi, Kawu, in na dawo lasin."

"Kwamfuta mai hutun ƙarshen mako! Lallai ta gidan ma'aikacin gwamnati ce."

Kubura, da ke tsaye bakin labule, ta yi dariya ta rufe baki. Malami bai yi ba, don ya ga hannun Rilwanu ya kama akwatin yana juyo da bayansa waje.

"A'a. Wanga fa?"

Ɗan baƙin filas ne, bai kai ɗan yatsa ba. Rilwanu ya zare shi, ya danna maɓalli. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta, allo ya haske. Ya kashe, ya mayar da filas, ya danna. Baƙi. Ya sake zarewa, ta sake tashi.

"Shi ke nan ciwon," ya ce. "Tsohuwa ce, an saita ta in za ta tashi ta fara leƙa duk abin da anka soka mata. In ta iske wanga sai ta tsaya shinshina, awa akuya ta ga buhun dusa bakin garke, ta mance hanya. Ba wanda ya lalata komai. To na wane ne?"

Kubura ta dubi ɗiyarta.

"Husna, naki ne?"

"Wallahi Inna ban taɓa ganinsa ba."

A nan ne fa Allah ya buɗe wa Malami ƙofa. Kalma biyu ce kawai zai faɗa, "Nawa ne." Ya ji su sun taso har maƙogwaro. Sai ya tuna majalisa, ya tuna ƙanen Kubura da ya kora, ya tuna bakin Rilwanu wanda kafin la'asar zai kai labarin Bakura da Maradun. Ya haɗiye su.

"Kun gani ko?" ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Ban faɗa ba? Yaran zamani."

Husna ta ɗago ta dube shi, hawaye na zuba. Shi kuwa ya sami wani abu a kan takalminsa da yake buƙatar kallo.

"Bari mu ga fim ɗin da ɗiyata ka kallo," in ji Rilwanu. Tunda kwamfuta ta riga ta tashi, ya soka filas, ya danna.

Kalangu ya cika falon.

Fili ne da jama'a, ga 'yan dambe biyu sun naɗe hannu da zare suna zagaye juna, ɗaya dogo, ɗaya gajere mai faɗin ƙirji.

"Dambe?" Kubura ta ce. "Husna da ko yankan kaza ba ta iya kallo?"

"Kashe abin nan," in ji Malami.

Amma Rilwanu ma jinin mahauta ne. Ya gyara zama a ƙasa, ya manta da abin da ya kawo shi. "Tsaya, tsaya. Kai! Wanga dogon zai kashe gajeren yanzu. Dubi tsawon hannu. Gajeren ga bai kai turmi na biyu."

"Kashe, na ce."

"Wallahi gajeren ya mutu. Ko tsayuwa bai iya ba. Wa ya kawo wanga fili?"

"Bahagon Dakko ne bai iya tsayuwa ba?" Malami ya daka tsawa. "Kai mi ka sani? Yaudararsa yakai! Jira ya sauke kafaɗa, da hagu zai ɗauke shi ta ƙasan haɓa!"

Bai rufe baki ba gajeren ya sauke kafaɗa. Hagu ta tashi. Dogo ya zube kamar buhun gero, fili ya kaure da ihu.

A falo kuwa ba mai ihu. Malami na tsaye, hannunsa na hagu a dunƙule a sama, tabarau ya zamo masa kan hanci. Ya sauke hannun a hankali, ya rasa inda zai sa shi, ya tura aljihu.

"Malam," Kubura ta ce, ta kama haɓa.

Rilwanu, da bai taɓa barin taubashinsa ya sha ruwa lafiya ba, ya buɗe baki, ya dubi Husna, ya rufe. Wannan shirun ya fi wa Malami zafi da duk tsiyar da aka taɓa yi masa. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

"Husna," ya ce, "ai ni ban san shi ne ka hana ta…"

"Ɗazu ka sani, Baba." Ta share fuska da bakin hijabi. "Da ka ce min naka ne tun farko, wallahi da ni zan riƙa cire maka shi, ba mai ji."

"Zo ki zauna ki yi karatunki. Ga ta ta tashi."

Ta dubi kwamfutar, inda ake ɗaga gajeren sama ana masa kirari. Ta zura takalmanta. A gidan da ko tari ba a yi da ƙarfi in Malami na nan, Husna ta fita ta ja ƙofar ƙarfen falon ta buga, garam, har labule ya tashi.