Baƙar Lakar Mahaɗa

A ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, in farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a bakin gona aka ce ta 'yan Samaru ce, masu binciken noma na jami'a, to alheri ya sauka. Haka mutane suka taso suka tarar. Daga Samaru ake kawo sabon iri, daga can ake zuwa a ɗebi ƙasar gona a leda, a dawo a gaya wa mutum takin da zai zuba. Shi ya sa manomi ba ya tsare ɗan Samaru da tambaya. Hannunsa yake kallo, abin da ya ga ya ɗauka shi ma ya ɗauka.

Wannan ne Ƙauna ba ta sani ba, don ita a gidajen malaman jami'a ta tashi, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin duwatsu da ƙasa, aikinta ko hanya bai haɗa da noma ba. Malaminta, Dakta Martins, shi ya tura ta wani wuri a bayan Sabon Gari wanda mutanen Unguwar Doguwa ke kira Mahaɗa, inda babbar kwatar da ta ratso Chikaji ke zubewa cikin rafi. A nan ruwa yake rage gudu, ya sauke duk abin da ya kwaso, ya bar wata baƙar laka mai laushi kamar ƙullun ƙosai. Ita aka ce ta ɗebo a gwada.

Baba Ɗanjuma, wanda lambunsa ke bakin rafin, shi ya riƙa taya ta a wancan ranin. Dattijo ne mai son mutane har abin ya yi yawa. Yakan naɗe wando ya shiga lakar har gwiwa, ya kafa mata bututu ya zaro, ita kuwa tana kan tudu da safar hannu da takalmin roba, tana ƙullawa a leda tana lallaɓawa cikin akwati. Da ya tambaye ta, sai ta ba shi amsar da Dakta ya ce a riƙa bayarwa: "Muna duba abin da ke cikin ƙasar ne, Baba." Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba.

Abin da ke cikin ƙasar kuwa dalma ce. Can a Chikaji akwai masu fasa tsofaffin batiran mota, su cire dalmar su narka, su tuntsurar da ruwan batir a kwata kamar kwatar ta ubansu ce. Ga masu fenti, ga masu zubar da baƙin mai. Ita dalma ba ta daɗewa a cikin ruwa. Manne wa laka take yi, ta bi ta su kwanta a ƙasa, shekara bisa shekara. In ka gwada ruwan Mahaɗa sai ka ce da sauƙi, in ka gwada lakar sai ka riƙe baki. Ranar da na'ura ta fitar da sakamako Ƙauna ta ɗauka kuskure ne, ta sake gwadawa, ya dawo yadda yake.

Ta kai wa Dakta Martins. Ya duba, wai sai ga mutum yana murmushi.

"Yanzu kika yi aiki," in ji shi. "Wannan babbar mujalla zai shiga. Kada kowa ya ji sai an buga, kada wani ya riga mu."

"To mutanen wurin fa, Dakta?"

"Mutanen wurin laka suke ci?"

Ta ga kamar ya yi gaskiya. Damina ta zo ta wuce, takarda tana hannun masu mujalla, ita kuma tana ɗaki tana rubutu.

Ana tsakiyar rani na biyu, wata Laraba, aka ce tana da baƙo a bakin sashensu a jami'a. Ta fito sai ga Baba Ɗanjuma cikin rigarsa ta zuwa sujada, ya hawo keke napep tun daga Sabon Gari, yana ta tambaya har ya gano ta. A hannunsa damin alayyafo ne, ganye kore shar, kowanne ya kai tafin hannu.

Bayan sun gaisa ya miƙa mata. "Naki ne, 'yata. Albarkacin ƙasarki."

"Wace ƙasa, Baba?"

Ya yi dariya irin ta wanda ya gano sirri. "Wadda kike ɗiba mana. Ni na ce ma kaina, 'yan Samaru ba za su ƙona mai su zo har nan su kwashi abin banza ba. Har da akwati ake sa ta. Da ruwa ya janye na kwaso na zuba ma lambu, na kafce. Ga shi kin gani da idonki. Yanzu kowa ya gani. Ran Asabar mai unguwa ya kira gayya, za mu kwashe ta mu zuba ma kowane lambu, har da na coci."

Nan take Ƙauna ta gane abin da ya faru. Dole alayyafo ya yi kyau, lakar cike take da ruɓaɓɓen dattin gari, taki ce ta gaske. Sai dai dalmar tana ciki, za ta hau ganye, ta bi ƙura, ta manne a hannun duk yaron da ya yi wasa a wurin.

"Baba, kada a ɗiba," ta ce. "Don Allah kada a ɗiba."

"Haba, 'yata, kada ki damu. Za mu bar maku naku, ba za mu ƙarar ba."

Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tuna gargaɗin Dakta. Kafin ta yanke shawara, dattijon ya yi sallama yana sauri kada rana ta yi masa, ya bar ta tsaye da dami a hannu.

Ba ta ajiye damin ba, da shi ta shiga ofishin Dakta Martins. Ta gaya masa komai. Ya cire tabarau ya murza ido, kamar ita ce ta zo masa da fitina.

Ba za a ce bai kawo hujja ba, hujja kam ya iya ta. Ya ce a ɗakin gwaji ɗaya aka yi aikin, sai an tabbatar a wani wuri. Ya ce masu fasa batir suna da ƙungiya, suna da lauya. Ya ce in maganar ta fita, ba wanda zai sake sayen ganyen Unguwar Doguwa a kasuwar Sabon Gari, ita za ta ciyar da su? Ya ce akwai hukumar da aikinta ke nan, in takarda ta fito za a aika mata.

"Yaushe za ta fito, Dakta?"

"In Allah ya yarda cikin shekarar nan."

"Gayyar ran Asabar ɗin nan ce."

"Ke ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ɗaliba ce. Sakamakon nan na sashe ne. In kika je kika yi shela da shi, ki nemi wanda zai sa miki hannu a kundinki, ba dai ni ba."

Shekarun da ta yi tana wannan karatu suka faɗo mata a rai, da mahaifiyarta da ta riga ta gaya wa duk zumuntar matan coci cewa 'yarta ta kusa gamawa. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa yi a gaban babba ba. Ta ɗora damin alayyafon a kan teburinsa.

"To ga wannan, a kai wa Madam ta yi wa yara miya."

Ya dubi ganyen. Bai taɓa shi da hannu ba. Biro ya sa ya ture shi zuwa bakin tebur, ya ce ta kwashe abin nan ta fita. Ta kwashe ta fita, kuma tun kafin ta kai ƙofa ta san inda za ta kai maganar.

Ran Asabar da hantsi ta isa Mahaɗa, ta tarar an riga an fara. Gayya ce ta sosai, da mai ganga, da tukunyar kunu a gindin mangwaro. Maza suna cikin laka suna sara da shebur, mata suna jere da kwanoni a ka, baƙin ruwa yana tsiyaya yana bin fuskokinsu, suna waƙa suna tsokanar juna. Da suka hango ta aka ɗauki guɗa, wai ga mai ƙasa ta zo. Wannan guɗar ta fi komai yi mata ciwo.

Ta nemi mai unguwa, Nehemiah, ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi a tsayar da ganga. Aka tsayar. Ta miƙe ta faɗa musu da Hausar da kowa zai gane: lakar nan akwai guba a ciki, daga batiran Chikaji take, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma yara ta fi kamawa.

Sai surutu ya tashi. Wata mata ta ce ai ma'aikatan lafiya sun taɓa zuwa sun gwada ruwan sun ce ba laifi. Ƙauna ta ce ruwan suka gwada, abin yana ƙasa. Wani ya ce duk shekara suna shiga rafin ba wanda ya faɗi ya mutu. Ta ce ba ta kayar da mutum a rana ɗaya, taruwa take yi a jini. Mai unguwa ya gyara tsayuwa ya dube ta.

"Malama, in guba ce, me ya sa kuka riƙa kwasa kuna sawa a mota? Ko dai wani kamfani kuka samo ma ita, kuke so mu bar maku?"

Wasu suka ce ƙwarai, a tambaye ta. Ƙauna ta ji kamar ta fashe da kuka don haushi, ba haushinsu ba, haushin duk wanda ya taɓa zuwa ƙauyen nan da farar mota ya ɗauki abu ya tafi bai yi bayani ba.

"Ranka ya daɗe, dalma ce," ta ce. "Irin wadda kuka ji a rediyo ta kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Ita ce a cikin kwanonin nan."

Wannan kam sun ji labarinta. Wata tsohuwa ta sauke kwanonta a hankali, ta kusa da ita ma ta sauke. Maza suka fara fitowa daga lakar ɗaya bayan ɗaya, suna duban ƙafafunsu.

Baba Ɗanjuma shi ne na ƙarshen fitowa. Laka ta rufe shi har gwiwar hannu. Bai ɗaga murya ba.

"'Yata, tun yaushe kika sani?"

Da ta so, da ta ce kwanan nan, ba wanda zai ƙaryata ta. Da ta so, da ta kira sunan Dakta.

"Tun kafin damina, Baba."

"Kafin damina," ya maimaita. "Lokacin ban zuba ko kwano ɗaya ba." Ya dubi hannayensa. "Na ga kina sa safar hannu. Na ɗauka tsaftar 'yan boko ce, har nakan ce ma matata yarinyar nan akwai ƙyanƙyami."

Ya ɗago ya dube ta.

"To yanzu yaya ake cire ta? A yi ta ban-ruwa har ta wanke?"

"Ba ta wankuwa, Baba. Ba ta ruɓewa. Sai dai a kankare ƙasar saman gaba ɗaya a kai ta nesa."

"Na ce maki na kafce. Na juya ta sosai, yadda kuke koyarwa a yi da taki."

Ya juya ya dubi lambun. Gadon ubansa ne, shi ke ciyar da gidan duk rani, kuma bai taɓa yin kyau irin na bana ba. A tsakanin kunyoyin alayyafon jikarsa Sharon ce zaune, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba, wadda uwarta ta ajiye a inuwar ganye ta tafi ɗaukar kwano. Ta tara ƙasa a gabanta tana dambulawa, yatsu biyu suna cikin bakinta.

Dattijon ya tafi da sauri irin wanda Ƙauna ba ta san yana da shi ba. Ya sunkuya zai zare hannun yarinyar daga bakinta, sai ya ga nasa hannun, ya tsaya. Ya waiwaya wajen uwar, ita ma baƙa ƙirin take da laka har wuya. Ya dubi mai unguwa, ya dubi matan, ya dubi mai ganga da ya taya su sara kafin ya ɗauki gangar. Duk wurin ba wanda lakar ba ta taɓa ba, sai mutum ɗaya.

"Malama," ya ce, bai ce 'yata ba. "Zo ki ɗauke ta. Ke kaɗai ce hannunki bai taɓa ba."

Ƙauna ta taka cikin lambun ta ɗauki yarinyar. Sharon ta yi mata dariya, ta zaro yatsun daga baki ta shafa mata a kumatu.